Idon Inna da Kwalbar Ƙarƙashin Gado

Shafi na 14

Da sunan Allah na buɗe shafin yau. Masu cika min waya da "wai wa ke ba Inna suga?", ku gyara zama. Masu zagin Zahara'u tun shafi na goma kuma, ina kallon ku.

* * *

"Wallahi Yaya ban sa ba! In na sa suga ga kunun Inna, kada Allah shi kai ni magariba!"

Zahara'u ce a tsakar gida, ludayi a hannu, ɗankwali ya zame har ƙeya. Matar autan Inna ce, kuma ita ke yi wa tsohuwar girki tun ranar da asibiti ta ce ciwon suga ne.

Malama Lauratu, 'yar Inna, ta tafa hannu. Ko hijabin makaranta ba ta cire ba.

"To wa ka sa mata? Aljanun tsamiya? Sau biyu ke nan ana maido uwata daga bakin ɗakin aiki! Likitocin ido sun ce in suga bai sauka ba, ba su taɓa ta. Jibi su naɗe kayansu su bar Tambuwal. Ke za ki cire mata yanar da ludayin ga?"

"Ni dai ban sa ba!"

"Ku bar min ɗiyar mutane," muryar Inna ta fito daga ɗaki. "Kunun Zahara'u ko akuya ta sha sai ta yi kuka. Salam, awa ruwan wanki."

"Kin ji ko, Yaya? Na gode, Inna!"

Ni'imatu, 'yar Malama Lauratu, na zaune kusa da randa da jakar kayan Inna a cinya. Likita ya ce a kawo tsohuwar kafin magariba su kwantar da ita, su sauko da sugan da kansu, ko Allah zai sa a yi aikin jibi. Ita ta haɗa kayan tun azahar. Ita ce kuma mai soka wa Inna yatsa kullum safe da ɗan mashin ɗin gwaji, tunda ita ta karanta ilimin abinci da lafiya a jami'a. Amma in ana hayaniya a gidan, ba a jin bakinta.

Yau ma tana gefe. Ƙasa take kallo.

Kiyashi ne.

Layi guda, siriri, ya taso daga gindin katanga, ya bi gefen randa, ya ratsa ƙarƙashin labule, ya shige ɗakin Inna. A gidan da aka fitar da gwangwanin suga, aka hana lemo, aka hana ko alewa ta tsallako zaure, me kiyashi ke nema a ɗakin nan?

Ta ajiye jakar ta bi su.

Inna na zaune a bakin gado, carbi a hannu, idanun nan biyu sun yi fari fat.

"Wa na? Tafiyar kyanwa... Shiru-shiru ta. Mi kika nema ƙarƙashin gadona, kishiya?"

"Ina zuwa, Inna."

Ta durƙusa ta zura hannu. Kiyashin sun taru a jikin wata tsohuwar kwalla mai murfi. Tana jawo ta, kwalabe suka yi ƙara a ciki.

Caraf Inna ta kama wuyan hannunta. Wai makauniya!

"Maida shi."

"Inna..."

"Ni ce ki maida shi. Magani na."

Amma Malama Lauratu ta riga ta ɗaga labule, Zahara'u na leƙe ta bayanta. Aka buɗe murfi. Kwalabe ne masu hoton koren ganye, mafi yawa sun ƙare, ɗaya saura rabi, abin cikinta baƙi-baƙi mai kauri. A gefe ga wani ƙullin tsumma. Ni'imatu ta kwance shi, ƙwayoyin asibiti suka zubo a tafin hannunta. Waɗanda take miƙa wa Inna kullum da kofin ruwa.

Malama Lauratu ta tsoma yatsa a kwalbar ta lasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna, wanga ai alewa ta!"

"Allahu akbar!" Zahara'u ta ɗaga ludayi sama. "Allah ka wanke ni da rana tsaka!"

"Ke rufa min baki. Inna, wa ya kawo miki?"

"Wani na."

"Wani wa? Zahara'u ta?"

"Ba Zahara'u ba ta."

"Mannir na?"

"Mannir? Autan da ko goro bai saye min sai na yi mishi gori?"

"To Mu'minatu maƙwabciya?"

"Ki bar Mu'minatu da ciwon ƙafarta."

"Inna, don girman Allah, wa na?"

Inna ta juya fuska ta kalli bango. Ta ja bakin mayafi ta rufe baki da shi.

Ni'imatu ta zuba wa kakarta ido. Ta san wannan juyin. Tun tana ƙarama take ganin sa.

"Mama," ta ce a hankali, "ki bar tambaya. Ba ta faɗi."

"Don mi?"

"Ba ta iyawa. Kowa kika kira ta maimaita sunanshi. Mutum guda na duniya Inna ka juya ma bango."

Malama Lauratu ta saki kwalbar a kan tabarma.

"Yaya Attahiru..."

Inna ta ƙara jan mayafi.

Attahiru shi ne ɗan farin Inna. Tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. A ɗakin kakarsa ya tashi. Har gemunsa ya yi furfura Inna ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ta ce "ku ce mishi". In za ta ambace shi, "Na Kebbe" take cewa, don can yake kasuwancin hatsi. Duk ranar kasuwa yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofarta, ya yi ta magana ita tana kallon bango, ya tura leda ta ƙarƙashin labule ya tafi. Wa zai buɗe ledar da ɗa ya kawo wa uwarsa?

Ba su gama haɗiye wannan ba, sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Mutan gidan ga kuna nan?"

Zahara'u ta dafe ƙirji. "Shi na! Wallahi shi na!"

Kawu Attahiru ya shigo da fara'arsa, babbar riga na lilo a jikinsa kamar ta aro. Ni'imatu ta lura da wuyansa. Bara da Sallah wuyan nan ya cika rigar.

"Zahara'u, ruwa, ruwa! Maƙoshina awa an zuba rairayi."

Ya shanye moɗa guda a tsaye. Ya miƙa aka ƙara. Ya shanye. Sannan ya tsuguna a bakin ƙofar Inna.

"Inna, ina wuni? Ya jiki?"

"Ku ce mishi lafiya lau."

"Madalla. To ni dai magana ta kawo ni. Na ji wai za a kwantar da ke asibiti a sa miki wuƙa ga ido. Ba da yawuna ba. Ga mota nan waje, Kebbe za mu. Ni za ni yi miki magani, yanar ta washe da kanta."

Malama Lauratu ta fito da kwalbar a hannu.

"Yaya, da wanga?"

Fuskar Kawu ta washe.

"A'a! Ashe tana sha! Kai, alhamdu lillahi! Lauratu, kin san mi kika riƙe? Zogale na ciki. Garahuni na ciki. Hulba, kirfa, da wasu itatuwa da ko sunansu ba a faɗi. Ni na wakilinshi tun daga Kebbe har Fakku. Suga ko ya kai buhu ga jikin mutum, wanga shina wanke shi tas!"

"Yaya, sau biyu ana maido ta!"

"Ai ciwon na ka fita. In shina fita dole shi taso sama."

"Kawu..."

Sai da kowa ya waiga. Ni'imatu ce. Ita kanta ba ta san ta yi magana ba.

"A'a, 'yar jami'a! Yau da baki? Faɗi, ɗiyata."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

"Garahuni ɗaci gare shi. Mi ya sa wanga ya yi zaƙi haka?"

"Yauwa! Ai nan hikimar take! Da fari mutane ba su iya sha, sai mai haɗawa ya dafa shi da mazarƙwaila da dabino. Sugan Bature kuwa, ko ƙwaya guda babu. Na tsaya gaban tukunyar da kaina."

"Mazarƙwaila, Kawu?"

"Rake na! Daga fadama! Abin da Allah ya fiddo daga ƙasa."

"Farin sugan ma daga rake anka yi shi."

"Wanga ya bi ta inji. Namu bai bi ba."

"Kawu, jini bai tambayar wanga daga fadama yake ko daga shago. In ya shiga, suga na. Ganyen ba su da laifi, zogale ko yau na sa ma Inna ga miya. Amma ba su wanke zaƙin da anka dafa su ciki. Inna na shan ludayin alewa safe da marece, ga ƙwayoyinta kuma..."

Ta buɗe tafin hannu.

Kawu ko gezau.

"Ni na ce ta aje su. Ba a haɗa na asibiti da na itace."

"Yaya, ka kashe mu!" Malama Lauratu ta ɗora hannu a ka.

"Ku ce mishi," Inna ta faɗa daga ciki, da wata murya mai alfahari, "ban tsallake ko rana guda ba. Ku ce mishi in ya ce Kebbe, Kebbe za ni."

"Inna, idonki! Jibi likitocin ga za su tafi! Ba ki son ki ga jikokinki? Ba ke ce kullum kina cewa ki ga fuskar jaririn Zahara'u ba?"

Inna ta ja ƙwayar carbi ɗaya. Da ta sake magana, da 'yarta take, ƙasa-ƙasa, amma duk tsakar gidan sun ji.

"Lauratu, tunda nika da shi ban taɓa ce mishi sannu ba. Ban taɓa ce mishi na gode ba. Shi kawo min abu da hannunshi, in ce ban sha? Shan ga shi kaɗai nika iya yi mishi."

Zahara'u ta share ido da bakin zane. Kawu ya yi gyaran murya, ya miƙe yana karkaɗe riga.

"To kun ji. A ɗauko jakarta. Ku kuna ta surutu, ni kaina shi nika sha tun kafin azumi. Ku dube ni! Ina tumbin nan da kuka yi min dariya? Ya tafi! Ba gudu, ba tsalle. Zahara'u, ƙaro min ruwa, bari in zaga baya in dawo mu kama hanya."

Ni'imatu ta bi shi da kallo har ya shige bayi. Rama. Ƙishirwa. Fitsari. Duk alamun suga ne.

Ta shiga ɗaki da gudu ta ɗauko mashin ɗin.

Yana fitowa ya same ta tsaye a gabansa.

"Kawu, in gwada ka?"

"Ni?"

"In naka ya yi daidai, ni da kaina za ni sa jakar Inna ga motarka."

"Ke!" Malama Lauratu ta daka mata tsawa. "Wa ya aike ki? Idon uwata kika sa ma caca?"

"Mama, ki bar ni."

Kawu ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Lauratu, kin ji ɗiyarki da bakinta, kuma ga shaidu! Zo, 'yar jami'a. Wane yatsa kika so? Ga su nan duka, zaɓi mai ƙiba."

Ya zauna a kan turmi ya miƙa hannu. Ta goge yatsan da auduga. Hannunta na rawa har sai da ya riƙe mata.

"Ki natsu mana. Ni anka soka, ke ka kyarma."

Ɗigon jini ya fito. Ta ɗora a bakin tsinken gwajin. Kawuna suka haɗu a kan ɗan gilashin, har da na Zahara'u da ludayinta.

Mashin ya yi ƙara.

Babu lamba. Haruffa biyu ne kawai, H da I.

"To? Nawa na ci?" in ji Kawu.

Ni'imatu ta kasa ɗago kai.

"Bai ba da lamba ba, Kawu."

"Kun gani! Babu suga ko kaɗan, shi ya sa!"

"A'a. Ya wuce inda mashin ka iya ƙirgawa."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa.

"Ya lalace. Abin 'yan China na."

"A gwada ni!" Zahara'u ta turo yatsa. "Ni da kunu salam, a gwada ni a gani!"

Aka canza allura da tsinke aka soke ta, ta yi ƙara kamar an yanka ta. Lamba ta fito, lafiya lau.

"Sake nawa," Kawu ya ce. Muryar ta sauya. "Wanga hannun."

Ta sake.

H da I.

Tsakar gidan ta yi tsit, sai kukan tantabaru a kan katanga.

"Mi anka gani?" Inna ta tambaya daga ɗaki. "Don mi kunka yi shiru? Lauratu? Zahara'u, ke da ba ki iya shiru, mi anka gani?"

Zahara'u ta kau da kai.

"Shiru-shiru, ke ba ki yi min ƙarya. Faɗa min."

Ni'imatu ta matsa bakin labule.

"Inna, nashi ya fi naki. Naki mashin ya iya ƙirgawa. Irin wanga ba a kwana da shi gida."

Suka ji ƙarar gado. Suka ji carbi ya faɗi. Labule ya motsa, sai ga Inna tana lalube da hannu ɗaya a jikin bango, babu mayafi a bakinta, fararen idanun nan suna neman inda yake.

"Attahiru."

Ludayin Zahara'u ya faɗi ƙasa.

Malama Lauratu ta toshe baki da hannu biyu.

Kawu ya waiga bayansa, kamar akwai wani mai sunan a zaure.

"Kai nika kira. Attahiru."

Dattijo mai furfura ya zamo daga kan turmi ya durƙusa a ƙasa.

"Na'am... Na'am, Inna."

"Matso in ji ka."

Ya matsa da gwiwa. Ta lalubo hularsa, ta sauko da hannu kan kumatunsa, ta shafa ƙashin da ya fito, ta shafa wuyan.

"Haka ka koma? Haka ka koma, ba wanda ya gaya min? Da ina gani da wa zai bar ka haka?"

"Inna, tumbi na ya..."

"Rufe min baki. Tashi ka shiga mota. Asibiti za mu, ni da kai."

"Inna, ki yi min rai. Rabin kasuwar Kebbe ga hannuna sunka sayi maganin ga. Limaminmu na sha. In anka ji ni kwance asibiti da suga, da wane ido za ni dubi mutane?"

"To shi ke nan." Ta sulale ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. "Ni ma na zauna. In ba ka shiga ba, ba mai taɓa idona. Jibi su tafi, Allah shi kiyaye hanya. In mutu ban gan ka ba, awa yadda na rayu ban dube ka ba."

"Inna!"

"Na gama."

Kawu ya dubi ƙanwarsa. Ya dubi kwalbar da ke yashe, kiyashi sun riga sun rufe bakinta. Ya goge fuska da hannun riga.

"Ku ɗauko jakarta."

"Zuwa ina, Yaya?" Malama Lauratu ta tambaya. "Kebbe ko..."

"Asibiti."

Zahara'u ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Malama Lauratu ta ruga ɗaki neman mayafin Inna tana kuka tana dariya. Ni'imatu ta sungumi jaka. Za a yi aikin! In Allah Ya so jibi Inna za ta gani!

Kawu ya miƙe ya zaro makullin mota daga aljihu. Ya suɓuce masa ya faɗi.

Ya sunkuya zai ɗauka.

Ni'imatu ta tsaya cak.

Makullin na nan a gaban takalminsa, yana ƙyalli a hasken la'asar. Amma hannun Kawu can gefe yake, yana shafa ƙasa, yana bubbugawa a hankali. Daidai yadda Inna ke neman carbinta.

Ta matsa kusa da shi.

"Kawu, wa ya tuƙo ka daga Kebbe?"

"Ni na," ya ce cikin raɗa, bai ɗago ba. "Ni'ima, miƙo min shi. Don Allah kada ki gaya mata."

Daga bakin ƙofa Inna ta juyo da kunne.

"Kada ta gaya min mi?"